Samfurin da Yaya Hajiya Ta Aike Ni Nema a Abijan

Tun da na dawo daga Abijan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin masallaci sai wani ya matso: "Metir, wai da gaske ne ka ƙetare iyaka uku don ka kawo takarda ɗaya?" Na maimaita labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya na ji an ce jirgin sama na hau, shekaranjiya kuma an ce tsare ni aka yi a Gana. Don haka na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san mu ba, ni malamin lissafi ne a wata lakwal, wato makaranta, da ke Agontinkon a Kotonu, shi ya sa duk Zongo ake ce mini Metir, wato malam da Faransanci. Na karanta littattafan sarrafa kuɗi fiye da kowa a layinmu, irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin titi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne sarrafa kuɗin kansa, domin albashin malami ba ya zama har a gaisa da shi. Yayata kuwa, Hajiya Rabi, ba ta karanta boko, amma fiye da shekara talatin ta yi tana sayar da atamfa a kasuwar Tokpa. Ita ta biya kuɗin karatuna, ita ta kai mahaifiyarmu Makka. In aka miƙa mata zane ba ta kallon adonsa tukuna. Juya shi take yi, ta murza gefensa, sannan ta yi magana.

Bara ciwon gwiwa ya hana ta zirga-zirgar kasuwa, ta sayar da rumfar da kayan ciki. Abin da ta samu shi ne abincinta har ƙarshen rayuwa, don ba ta da fansho, maigidanta kuma ya rasu. Ba a yi wata biyu ba sai ga Nasiru, ɗan wata ƙawarta, mutum mai kwat da turare, ya kawo mata wata takarda mai sheƙi. Wani kamfani ne na cikin waya: ka zuba kuɗi, ka kwanta, kafin shekara su ninka. Na ce mata kada ta kuskura, in dai ajiya mai haihuwa take so, akwai hannun jari. Na yi mata bayani na kusan awa guda, har da zane a bayan kalanda.

Da na gama ta ce, "Ina kasuwar take?"

Na ce, "Abijan."

"Ka taɓa zuwa?"

"Na karanta, Yaya."

"Ban tambaye ka karatu ba. Ka taɓa riƙe kayan a hannunka?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ta ce, "To ni ban taɓa sayen dila ban ga samfur ba. Nasiru ya kawo nasa, kai ka kawo baki. Na ba shi ƙarshen wata. Ga kuɗin mota, je ka kawo mini samfur, in ba haka ba shi zan ba."

Lokacin hutu ne, ba ni da uzuri. Na ɗauki babbar rigata ta Juma'a da littattafai uku, na nufi tasha a Jonke.

An ce mota za ta tashi ƙarfe bakwai na safe, ta kuwa tashi ƙarfe goma daidai, ba ta ƙara ko minti ɗaya ba. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Memuna, 'yar unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, wadda ke sarar takalma a Tokpa ta kai Gana. Kafin mu wuce Wida ta san sunana, da aikina, da abin da ya fito da ni, ni kuwa ban san komai nata ba sai cewa jakarta tana kan ƙafata.

A iyakar Hilakonji aka ce kowa ya fito da karnen allurarsa, wannan ɗan katin rawaya. Na laluba aljihu huɗu, na zazzage jaka, babu. Ma'aikaciyar lafiya ta nuna mini benci cikin ladabi, na naɗe hannun riga a gaban jama'a, aka sake yi mini allurar da na riga na sha. Muna shiga Togo na buɗe littafi don in huce, sai ga katin ya faɗo daga ciki. Ashe da shi na yi alamar shafi, a babin da ke koyar da shiri tun kafin buƙata ta zo. Hajiya Memuna ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Malam, littafin nan ya ci kuɗinka sau biyu ke nan."

Lome ba ta da faɗi. Kafin hannuna ya daina zogi mun iso Aflawo, ƙofar Gana. Nan sefa ke ƙarewa, sidi ya fara. Na canza 'yan kuɗin guzuri, na tsaya ina lissafi da biro a tafin hannu, ita kuwa ta riga ta gama nata a ka, ta gaya wa ɗan canjin abin da ya rage bai ba ni ba. A cikin mota ta ce mini ita ba ta barin sidi ya daɗe a hannunta, da ya shigo take mayar da shi kaya, saboda sun sha ganin kuɗi yana ramewa a cikin akwati. Na ce mu dai alhamdu lillahi, sefarmu a tsaye take.

Ta ce, "A tsaye? Ran da ka fara koyarwa, nawa kake ba mai koko ka ƙoshi?"

Na faɗa mata.

"Yau fa?"

Na lissafa a raina, na ga inda ta nufa. Na koyar da wannan darasi na tashin farashi a allo ya fi sau ashirin, da harafi da alama, ban taɓa jin sa a cikina ba sai ran nan. Na tambaye ta inda ta koyo. Ta ce akwai shirin rediyo da ake yi da Hausa kan harkar kuɗi, ba ya wuce ta. Ƙungiyarsu ta mata kuma, ran da ake zubin adashi, sukan gayyato wani tsohon ma'aikacin banki su tsare shi da tambaya har ya nemi ruwa. Ta ce ita ma wani kamfani ya taɓa wanke ta tas. Tun daga lokacin, duk wanda ya yi mata alkawarin riba sai ta tambaye shi daga aljihun wa ribar za ta fito.

A Nima ta sauke ni a gidan wanta, aka ba ni ɗakin baƙi mai fanka da ke juyawa da ƙara kamar injin markaɗe. Mutanen Nima Hausarsu cike take da Turancin Ingila, kamar yadda tamu ta cika da Faransanci, kuma kowane ɓangare tausayin ɗayan yake ji. Na ce zan je "gar", wato tasha, suka ce ai "siteshan" ake cewa, muka rabu kowa yana ganin ɗan'uwansa ya ɓata harshe. Da safe aka kawo koko mai yaji da ƙosai, sannan shinkafa da wake da aka jibga wa taliya da gari da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji. A Zongonmu wannan abinci uku ne na kwana uku. Na cinye, don baƙo ba ya gyara wa masu gida tsarin abincinsu.

Daga Ankara zuwa iyakar Elubo tafiya ce mai tsawo, teku a hagu, coci da masu sayar da abarba a dama. A iyakar na miƙa katin allura guda biyu, tsoho da sabo, jami'in ya dube ni kamar mai tara su don sha'awa. Muka ƙetare gada, sefa ta dawo, Faransanci ya dawo, na ji kamar na sa tsofaffin takalmana.

Masaukina a Abijan gidan Alhaji Idi ne a Tireshbil, mutumin Doso, wanda ya zauna a gidanmu na Zongo zamanin mahaifinmu yana raye. Sana'arsa garba, wato acheke, dambun rogo, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono, abincin da duk Abijan ke bin layi a kansa, galibin masu sayarwa kuma mutanenmu ne. Ya cika mini faranti, ya ce in ci da hannu, cokali na masu ciwo ne.

Washegari na sa babbar riga na fito titi na ɗaga yatsa. A Kotonu in ka yi haka, zem uku, wato 'yan acaɓa masu rigar rawaya, za su tsaya suna faɗa a kanka. Na daɗe a tsaye da yatsa a sama, ba wanda ya kula ni sai wata mai lemo da ta zaci gaishe ta nake yi. Ashe a can sai tasi ta haɗaka, ko wata ƙaramar bas da ake cusa mutane kamar buhunan albasa. Haka na isa Filato, unguwar dogayen benaye, rigata ta yamutse.

A hotunan littattafaina kasuwar hannun jari wani babban zaure ne, mutane na ihu suna ɗaga takardu. Na shirya wa wannan, don wanda ya girma kusa da Tokpa ihu ba ya ba shi tsoro. Abin da na tarar ofis ne mai sanyi, shiru kamar ɗakin jarrabawa, da allo a bango lambobi na canzawa. Wata Madam mai gilashi ta karɓe ni.

Na ce, "Ina wurin cinikin?"

Ta nuna allon. Ta ce ciniki a cikin na'ura ake yi, kuma ba a sayar wa mutum kai tsaye, sai ta hannun dillali mai lasisi.

Na ce, "To a ba ni ɗaya in saya, samfur nake so in kai gida."

Ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Kotonu, ta hanyar mota, kwana biyu. Ta cire gilashinta ta goge, na lura tana kokawa da bakinta. Sannan ta buga mini wata takarda, jerin dillalan da hukuma ta yarda da su ƙasa-ƙasa, ta sa yatsa a kan Benin. Na karanta adireshin. Ganhi. Daga ƙofar gidanmu zuwa can, in zem bai tsaya shan mai ba, minti goma ne. Na sha wucewa ta gaban benen nan ina zuwa karɓar albashi.

Malami ba ya nuna an kayar da shi, don haka na gyaɗa kai kamar dama abin da na zo tabbatarwa ke nan. Ita kuwa mutuniyar kirki ce, ta zaunar da ni kusan awa guda. Ta nuna mini takardar farashi da ke fita kowace ranar aiki, kyauta, ana iya ganinta a waya. Ta nuna mini rahoton shekara da dole kowane kamfani ya fitar, ta ce in fara da shafin riba da bashi, in bar hotunan shugabanni. Ta ce dillalai da yawa suna koyar da masu farawa ba tare da an biya ba, in tambaya a Ganhi. Ta ƙara da cewa duk wanda ya zo karɓar ajiyar mutane, a fara neman sunansa a jerin nan kafin a ba shi kujera.

Da na koma na ba Alhaji Idi labari, ina jiran ya yi mini dariya. Sai ya goge hannu, ya karɓi takardar farashin, ya bi ta da yatsa ya tsaya a wani layi. Ya ce, "Wannan nawa ne."

Na ce, "Naka kamar yaya, Alhaji?"

"Ina da hannu a ciki. Kamfanin mai ne. Kullum sai na sayi jarkarsu na soya kifi, na ga gara in wani abu ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga."

Ashe suna da wani zama bayan sallar Juma'a, su goma sha wani abu, da malami guda da wani akanta mai ritaya. Akantan ya karanta musu rahoto, malamin ya ce wannan ya halatta, wannan bai halatta ba. Alhaji Idi ya karɓi birona ya soke kamfanin giya, ya soke na taba, ya sa alamar tambaya a kan bankuna, ya ce waɗannan ka tambayi malaminku. Ya ce nasa ya taɓa faɗuwa ya daɗe a ƙasa, bai sayar ba, don ya ga mutane ba su daina soya kifi ba. Wani kuma da ya saya saboda ya ji ana yabonsa, har yau bai tashi ba. Ya ce, "Wancan kuɗin makaranta na biya da shi, ba na kuka." Na dubi littattafaina uku, waɗanda aka rubuta don mutanen da ke sayen gida da bashin shekara talatin a ƙasar da ake ƙanƙara, na mayar da su ƙasan jaka.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na riƙe katin allura a hannu tun daga Abijan har Jonke. Ban wuce gida ba. Da jakata da ƙurata na hau zem zuwa Ganhi, na duba suna a jerin, na hau bene, na buɗe asusu da ragowar guzurina, na ba da odar hannu biyu na kamfanin man Alhaji Idi. Bayan kwana uku aka ba ni takardar shaida. Ranar ce ta ƙarshen wata.

Na tarar da Yaya Hajiya a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan tabarma, Nasiru yana kan kujera, turarensa ya riga ni sallama. Ta ce, "Metir, an dawo? Ina samfur?" Na miƙa mata takardata, fara, ba ado, kamar takardar asibiti. Ta ajiye ta kusa da ta Nasiru mai sheƙi da hoton mota. Ko ni da na sha wahalar tafiya, da ido za a bi, tasa zan ɗauka.

Ba ta kalli gaban ko ɗaya ba. Ta juya su duka biyu. Bayan ta Nasiru fari fat. Bayan tawa cike da ƙananan rubutu kamar tururuwa.

Ta ce, "Me aka rubuta nan?"

Na san abin da ke wurin. Na yi tunanin in taƙaita, amma ban taɓa yi mata ƙarya ta wuce ba. Na fassara mata layi-layi: cewa farashi yana hawa yana sauka, cewa mai saye zai iya rasa wani ɓangare na kuɗinsa ko ma duka, cewa ribar bara ba alkawarin ta bana ba ce, ga ladan dillali, ga lambar lasisinsa, ga inda za a kai ƙara.

Nasiru ya gyara zama. Ya ce, "Hajiya, kin ji ko? Da bakinsu suka ce za ki iya asara. Namu babu wannan."

Ta ce, "Na ga babu." Ta janyo gefen zanen da ke jikinta ta juya masa. "Nasiru, dubi nan. Atamfar gaske rininta yana ratsawa, abin da ke gaba shi ne a baya. Ta jabu fuska ɗaya ake bugawa, ta fi kyau a rumfa, bayanta fari. Shekara talatin ban saye ta ba, ba zan fara da tsufana ba."

Ya ce ai kamfaninsu a ƙasar waje yake da rajista. Ta sa na ba shi jerin, ya bi shi da yatsa sau biyu, har da ƙasashen da ba a tambaye shi ba. Ta ce, "Ba komai, ɗana. Ka gaida mamarka, ka ce ina nan zuwa." Da zai fita ya tsaya a zaure ya ce mini a hankali, ko zan bar shi ya ɗauki hoton jerin a waya. Nan na gane shi ma kuɗinsa na ciki.

Na juyo ina jiran yabo. Ta ce, "Kai kuma kada ka washe baki. Samfur sai an wanke shi." Ta ce za mu zuba wa hannu biyun nan ido wata uku, sannan in sayar da ɗaya ta ga ko kuɗi zai dawo tafin hannunta, da kwana nawa zai ɗauka. In ya dawo, za ta sa kashi ɗaya cikin huɗu, ba ƙari, kuma sai ta ji abin da ake koyarwa da kunnenta, ba ta bakina kaɗai ba.

Asabar ɗin da ta biyo muka hau zem biyu zuwa ajin dillalin a Ganhi. Da muka sauka ta ɗaga kai ta dubi benen, ta dubi hanyar da muka biyo, ta dube ni.

Ta ce, "Nan ne Abijan ɗin?"

Na ce, "Nan ne, Yaya."

Ta wuce gaba ta shiga, na bi ta a baya.

Yau Asabar biyar ke nan muna zuwa. Ita ce a bencin gaba, ni a gefenta ina fassara, Nasiru a can baya ba kwat. Samfurin ya ɗan sauka a mako na biyu, ya ɗan hau a na huɗu, ita kuwa kuɗinta na nan inda ta ajiye su, ba wanda ya taɓa. Matashin da ke koyar da mu ya ce mini bai taɓa ganin aji irin namu ba: da ya raba takarda, kafin ya buɗe baki, mutum ashirin sun juya ta baya.